Zauren Makaɗi: Inda Ake Ƙulla Waƙa Kafin Ranar Taro

Duk wanda ya saurari tsohon faifan Ibrahim Narambaɗa da kunnen basira zai lura da wani abu: mutumin bai cika ƙarasa magana ba. Zai ɗauko zance ya kai shi rabi ya saki, sai wasu muryoyi su cafe su kai shi ƙarshe, ba gargada, ba wanda ya riga wani. Kafin su sauke numfashi ya riga ya ɗauko na gaba. Haka ake jin su a rediyo da wayoyin hannu, daga Isa ta ƙasar Gobir har zangunan Kumasi da Sankaryare ta Wagadugu, kuma idan aka tambayi mai waƙar sunan mutum ɗaya ake kira. Alhali waɗancan muryoyin na baya ba duba suke yi ba, balle a ce sun hango abin da ke bakin maigidansu. Sun san ƙarshen maganar ne don sun sha kwana a kanta a zauren gidansa.

Kiɗan fada ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi wa'azi, shagaltuwar sarakunan lokacin da kaɗe-kaɗe na cikin abin da ya soka a Kitabul Farƙi. Sai dai bayan ƙurar jihadin 1804 ta lafa, jikokin masu tuta sun hau gadon sarauta, gadon sarauta kuwa ba ya zama shiru. Kotso da taushi da jauje suka sami gindin zama a fadodin sarakuna da hakimansu. A ƙarni na 20 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da kansa yana da Sarkin Taushi, Salihu Jankiɗi. Sarkin Katsina Usman Nagogo yana da nasa Sarkin Taushin, Sarkin Gobir na Isa Ahmadu yana da Narambaɗa, fadar Damagaram kuma tana da Ma'azu Ɗan Alalo.

Babu ɗayansu da ke tafiya shi kaɗai. Akwai jagora, akwai 'yan amshi waɗanda a ƙungiyar kotso da taushi su ne kuma masu kiɗan, baki na amshi hannu na dukan fata, sannan ga sanƙira mai ɗaga murya yana fayyace wa jama'a inda zance ya nufa. Yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, ƙanne da 'ya'ya da barori, tare suke noma da damina, tare suke cin tuwon dare. Kiɗan daren Juma'a a ƙofar fada bai cika buƙatar sabon abu ba, tsofaffin waƙoƙi sun wadatar. Amma hawan Salla, ko naɗin sarauta, ko auren 'yar sarki, nan kam makaɗin da ya san ciwon kansa ba ya zuwa da tsohon kaya kaɗai, domin wasu makaɗan ma suna tafe, kuma a gaban kowa za a gwada su.

Aikin da tambaya yake farawa. Ba a wasa basarake da ka: sai an san ubansa da kakansa, wa ya kafa garin, wa ya halarci wane yaƙi, wa ya nemi sarautar bai samu ba kuma har yau yana ƙullace da abin. Tsofaffin fadawa da dattawan gari su ne littafin makaɗi, yakan kai musu gaisuwa da goro ya zauna ya saurara. Kuskure ɗaya a nasaba, a bainar jama'a, ya isa ya sa a daina kiran makaɗi fada.

Daga nan sai neman gindin waƙa, 'yan kalmomin nan da za a riƙa komawa gare su bayan kowane ɗa. Jagora kan yi kwanaki yana gunguninsa a gona ko a hanya kafin ya fito da shi. Ranar da ya ga ya nuna, bayan sallar isha'i sai a taru a zaure. A sauko da kotsanni, a ɗan gasa fatun a gefen wuta idan sanyi ya sa sun saki, a gyara nake, ɗanƙon nan da ake mannawa a tsakiyar fata don sauti ya yi zurfi, a taɓa tsarkiya a ji ko ta ɗame. Jagora ya jefa gindin, yara su karɓa, ya sake jefawa, su sake karɓa, har sai kalmomin sun zauna daram a kan kiɗa. Sau da yawa ba sa zama da farko. Gaɓa mai nauyi ta faɗo inda kiɗa ke son marar nauyi, ko sunan basaraken ya yi tsawo ya ƙi shiga, sai a nemo lakabinsa ko sunan kakansa a maye gurbi. A irin wannan gaɓa ce ɗan amshi ke da ta cewa. Shi ne zai maimaita gindin nan sau ba adadi ranar taro, saboda haka idan kalma ta yi masa tauri a baki yana iya cewa, baba, da a ce kaza ne da ya fi daɗin ja. A gwada. Idan ta zauna an ɗauka, kuma ba wanda zai sake tuna wa ya kawo ta.

Bayan gindi sai ɗiya, ɗaya bayan ɗaya. Wannan na nasaba, wancan na jaruntaka, wani na roƙo, inda makaɗi zai ambaci dokin ko rigar da ransa ke so ba tare da ya ce a ba shi ba. Mafi wuya shi ne ɗan zambo. Ba a kama suna, sai dai a siffanta tafiyar mutum, ko gemunsa, ko yadda yake naɗa rawani, ko rowarsa, ta yadda duk fada za ta gane shi amma shi ba shi da bakin kai ƙara. Zauren ne ma'aunin farko: in jagora ya rera ɗan, 'yan amshi suka kwashe da dariya don sun gane mutumin, ya yi. In sai an yi musu bayani, a sake lale. Irin wannan ɗan ba a bitarsa da babbar murya, domin labari ya riga waƙa fita asara ce.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, duk wannan bita ba ta ƙayyade jerin ɗiyan. Wanda ya kwatanta ɗauka biyu na waƙa ɗaya, ta gidan rediyo da ta filin taro, zai ji gindi bai sauya ba amma ɗiyan sun sauya wuri, wasu sun faɗi, wasu sababbi sun shigo. Jagora na kallon fili ne: wane babban baƙo ya iso yanzu, fuskar sarki ta saki ko ta ɗaure, abokin hamayya yana nan ko ya tashi. Da haka yake zaɓen ɗan da zai ɗauko. Abin da ɗan amshi ya hardace shi ne kowane ɗa a karan kansa, ta yadda kalma biyu na farko kawai zai ji ya san inda aka dosa. Ƙungiyar da ta yi shekaru tana da ɗaruruwan ɗiya a ka, ba ko ɗaya a takarda.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya shafe rayuwarsa yana bin makaɗa gida-gida, ya rarrabe salon amshi a littattafansa. Akwai amshi miƙaƙƙe, maimaita gindi kawai. Akwai ƙari, inda 'yan amshi ke ɗora nasu layukan a kan abin da jagora ya fara kafin su koma gindi. Akwai kuma karɓeɓeniya, a riƙa miƙa wa juna zance gutsure-gutsure, tamkar lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, in ɗaya ta yi jinkiri ko gaggawa sai a yi karo. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin dare a zaure, kuma da shi ake gane ƙungiyar da ta daɗe tare. Makaɗan yankin Sakkwato da Zamfara, su Narambaɗa da Sa'idu Faru da Aliyu Ɗandawo, a nan suka yi wa saura zarra.

Akwai dalilin da ya sa gwanintar ta karkata wajen lokaci da karɓa, ba ta karkata wajen rarraba muryoyi kowace da nata karin ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na iya sauya ma'anar kalma. In wata murya ta hau a inda wata ta sauka, zance ya dagule, mai sauraro kuwa zancen ya zo ji. Shi ya sa 'yan amshi ke tafiya a kari ɗaya, sai dai a haɗa mai siririyar murya a sama da mai kauri a ƙasa don amshin ya cika kunne. Jagoran kirki yana neman waɗannan muryoyi biyu ruwa a jallo.

Musa Ɗankwairo Maradun da siririyar murya ya shigo sana'ar. A gidan kiɗa ya tashi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma ya yi shekaru yana amshi a bayan yayansa Abdu Kurna, yana riƙe da muƙamin Daudun kiɗa, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Sa'ad da ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960, abin da ya girgiza Kaduna ba muryarsa kaɗai ba ce, har da yadda yaransa ke karɓa: ya saki kalma, su kwashe ta su yi nisa da ita, su dawo da ita daidai inda kiɗa ke jira. Wanda ya daɗe a sahun baya ya san abin da sahun baya ke iyawa, shi ya sa ya ba su aiki mai yawa. Da ya rasu a 1991 'ya'yansa, waɗanda su ma a amshi suka girma, suka ci gaba da kotson. Zauren bita ke nan a matsayin makaranta: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma maimaita gindi, a ba shi ƙari, wata rana murya ta dushe wa maigida a tsakiyar hidima a ce ya ja.

Mamman Shata kuwa wata hanya ya bi. Ya sha faɗa cewa shi ba ya zama ya shirya waƙa, a fili take zo masa, kuma binciken digirin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975 ya duba yadda yake gina waƙa nan take. Tsarin ƙungiyarsa ya dace da haka: amshi gajere wanda ba ya sauyawa, kalangai su riƙe kiɗa, shi kuma ya yi ta zuba. Sai dai kada a ɗauka yaransa sun huta. Bin mutumin da ba a san abin da zai faɗa ba yana buƙatar kunnen da ya fi na mai hadda kaifi, kuma a mota da masauki da filin biki suka yi tasu bitar, har ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos shi ya kuɓuta daga wannan lissafi gaba ɗaya, da shi da kuntiginsa kawai.

Mata ma suna da nasu. Yarinya a dandali take fara koyon amshi wajen gaɗa, tun ba ta san sunan abin ba. A amada kuwa, inda ake kifa ƙwarya a kan ruwa a kaɗa, Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano sun ja ƙungiyoyin mata waɗanda a tsakar gida suke gwada sabuwar waƙa kafin ranar suna ko biki.

Al'adar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba, ta bi hanyar Gwanja. Ayarin fatake na tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da fatu da rinannun tufafi, ya dawo da goro, kuma ban da madugu da jagaba da uban dawaki akwai makaɗi a cikin tafiyar. Ɗaya daga hanyoyin ta ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi kafin ta gangara Salaga. Inda ayari ya saba sauka nan zango ke kafuwa, wasu su yi aure su zauna. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwar garin, Faransawa suka kama Wagadugu a 1896, amma Hausawan da ke Wagadugu ba su bar birnin ba, har unguwarsu ta Zangwetin ta zama ɗaya daga tsofaffin unguwannin Musulmi a tsakiyarsa.

Bahaushen da ya iso Wagadugu bai tarar da fada marar kiɗa ba. Moro Naba, sarkin Mosi, yana da masu bendire, gangar babbar ƙwarya da aka rufe da fata, waɗanda ke jero sunayen magabatan sarki da harshen ganga, gado ne kuma a wurinsu kamar yadda kotso yake a Maradun. Har yau ana ganinsu a bikin safiyar Juma'a na ƙofar fadar, kuma lauyan nan marubuci Titinga Pacéré ya yi dogon nazari a kan harshen gangar. To amma wannan fadar Mosi ce. Sarkin zango shugaban 'yan kasuwa ne da baƙi, ba shi da hakimai da bargar dawakin da za su ciyar da gidan makaɗa shekara da shekaru. Saboda haka zango bai haifi manyan ƙungiyoyin kotso da taushi ba. Ya karɓi makaɗa masu yawon ci rani, daga baya ya karɓi Rediyon Kaduna da kaset. Waƙar haɗin baki da ta yi saiwa a zango ta malamai ce.

Ishiriniya ke nan. Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, ya tsara yabon Annabi a kan haruffan Larabci 29, kowane harafi baiti 20, daga baya Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, kowane baiti ya koma layi biyar. Da wannan siga ta shigo Afirka ta Yamma ta zama littafin da almajiri ke karantawa gaban malami don koyon luga, kuma yake rerawa da dare don bege. Ba ganga, ba tafi, muryoyin maza kawai. Ga kuma Burda ta Busiri, ga diwanin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a wajen 'yan Tijjaniyya, ga ƙasidun da 'yan Ƙadiriyya ke rerawa da bandiri, wanda Shehu Nasiru Kabara ya ɗaukaka a Kano.

Shirin nan ma da dare ake yinsa. Da watan Safar ya doshi ƙarewa, Maulidi ya ƙarato, sai zaurukan malamai da harabar masallatai su fara cika bayan isha'i. Mai ja ya ɗauko harafi, jama'a su karɓa. Wuyar tana wajen kari, domin ba da murya ɗaya ake rera littafin duka ba, akwai kari mai jan rai na farkon dare, akwai mai sauri da ake ɗauko wa idan barci ya fara satar mutane. Dattijo na zaune da kwafinsa da ya sha jiki, yana gyara wa matasa wasali, domin fataha ta koma kisira a yabon Manzo ba ƙaramin abin kunya ba ne. Yara na gefe suna kwashewa da kunne tun kafin su san ma'ana. Makarantun Islamiyya kuma suna nasu gwajin da rana, a jera ɗalibai, a zaɓi mai zaƙin murya ta ja, saura su amsa, a yi ta maimaitawa har ranar zagayen Maulidi. A Burkina Faso Maulidi ranar hutu ce ta ƙasa, garin Ramatulaye na Yatenga kuma na tara dubban mutane kowace shekara. Fa'idar littafi ɗaya a hannun kowa ita ce, baƙon da ya sauka Sankaryare daga Kano ko Maraɗi zai iya zama cikin da'ira a daren da ya iso. Karin garin na iya bambanta da nasu, amma kafin a gama harafi ɗaya ya kama.

Wannan ya yi kama da wata al'ada ta Amurka, duk da nisan da ke tsakani. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙaƙen fatar kudancin ƙasar kan taru a shagunan aski da bakin titi su yi waƙa su huɗu ba kayan kiɗa: ɗaya ya ja, ɗaya ya hau samansa, ɗaya ya riƙe ƙasa, na huɗu ya cike giɓin da ke tsakani. Louis Armstrong ma a irin wannan ya fara yana yaro a New Orleans. A 1938 wasu fararen fata, Owen Cash da Rupert Hall, suka kafa ƙungiyar raya salon a garin Tulsa, ƙungiyar da ta hana baƙar fata shiga har 1963, sai a 1992 binciken Lynn Abbott ya tabbatar wa duniya daga inda abin ya fito. A wasu tarukansu na yau, tun saura watanni ake aika wa kowa waƙoƙi kimanin 12 a rubuce tare da sautin muryar da zai riƙe, ya hardace a gida ko a mota. Ranar taro a gwada shi, sannan a jefa ƙuri'a a haɗa shi da mutum uku da bai taɓa gani ba. Su a lokaci ɗaya suke jera muryoyi huɗu, wata bisa wata, Bahaushe kuwa bi da bi yake jera nasa. Kuma tsarin nasu ya fi kusa da na 'yan Ishiriniya, domin rubutu ne ke haɗa baƙi. Ƙungiyar kotso ba ta haɗuwa ta haka, sai an zauna tare shekaru.

Zaman taren ne ya fara wuya. Daga 1967 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakunan Arewa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba su da baitulmali. Fadar da ba ta da abin kyauta kamar da ba ta iya riƙe gidan makaɗa, sai makaɗan suka juya ga attajirai da 'yan siyasa, wanda ke nufin yawo da waƙar gaggawa. 'Ya'yansu suka shiga boko da kasuwa. Ga kuma tsohuwar matsalar rabo: kaso mafi tsoka na jagora ne, suna ma nasa ne, don haka ɗan amshin da ya ji muryarsa ta kai yakan ɓalle. Sannan a ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya shigo ɗakunan ɗaukar sauti na Kano tare da finafinan Hausa. Yanzu mawaƙi zai rubuta waƙarsa, ya shiga situdiyo, a kira mai amshi ta rera gindin sau ɗaya, mai kwamfuta ya liƙa shi duk inda ake so. An samu sauƙi, kuma yaron da bai gaji kiɗa ba ya samu ƙofa, wannan ba abin rainawa ba ne. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun nuna ana iya waƙar sarauta mai nauyi ta wannan hanya. Amma amshin da aka liƙa ba ya ƙari, ba ya cewa kalmar nan ta yi tauri, ba ya dariya don a san zambo ya kama.

A Wagadugu kuwa bulldoza ce ta yi nata aikin. A 2003 aka rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita don shirin gina cibiyar kasuwanci da ake kira ZACA, aka ba mazauna filaye a gefen gari. An biya diyyar gidaje, amma da'irar da ta saba haɗuwa kowane dare don kowa da ƙafa yake isowa ba ta cikin lissafin diyya. Unguwanni irin su Sankaryare, inda har yanzu kasuwa da masallaci da zauren malam ke kusa da juna, su suka rage da wannan dama.

Masana sun yi ƙoƙari. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a 1957, David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun cika kantoci da kundayen waƙoƙin da aka juya a takarda. Sai dai akasarin hirarrakin da jagorori aka yi su, kuma a bayan kaset ba a cika rubuta sunan ɗan amshi ba. Waɗanda suka bi Sa'idu Faru da Ɗankwairo da Shata suna samari, na raye cikinsu yau dattawa ne, haka ma tsofaffin masu jan Ishiriniya na zanguna da suka san kari iri-iri. Duk mai irin wannan dattijo a unguwarsu, a Maradun yake ko a Sankaryare, ya kai masa goro ya kunna wayarsa, ya tambaye shi yadda suke bita, wa ke kawo kalma, da wane ɗa ne ya fi ba su wuya.